Sadistic Mika Band: tambayoyi da amsoshi kan ƙungiyar Japan da ta kai kiɗanta Ingila a 1975

Yawancin masu zuwa da tambaya kan ƙungiyar nan ta hanya biyu suke isowa, ko dai sun bi waƙoƙin Masayoshi Takanaka, mai jitar ƙungiyar, a YouTube har suka ci karo da ita, ko kuma masoya Yellow Magic Orchestra ne da suke son sanin inda mai gangarsu Yukihiro Takahashi ya fito. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tara su wuri guda, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi.

Wai su waye Sadistic Mika Band ɗin nan?

Ƙungiyar makaɗan rok ce ta ƙasar Japan, Kazuhiko Kato ne ya kafa ta a ƙarshen 1971 tare da matarsa ta lokacin, Mika. Ba ta daɗe ba fa, shekara huɗu kacal ta yi a zubinta na farko ta watse a ƙarshen 1975, kuma albam uku ta fitar na situdiyo: na farko mai sunan ƙungiyar a 1973, Kurofune a 1974, sai Hot! Menu a 1975. Amma a ɗan wannan lokacin sun yi abun da makaɗan rok na Japan ba su saba yi ba, suka je Ingila suka zagaya garuruwa suna wasa a manyan dandamali, suna waƙa da Japananci, har BBC ta saka su a talabijin.

Me ake nufi da glam, me ake nufi da fank, kuma ya aka yi suka haɗa biyun?

Glam salo ne da ya tashi a Ingila farkon shekarun 1970, su Marc Bolan na T. Rex da David Bowie da Roxy Music ne jagororinsa. Kiɗan rok ne mai sauƙin kamawa, jita mai kauri, amshi mai daɗin maimaitawa, amma rabin abun a ido yake: kaya masu ƙyalƙyali, kwalliya a fuska har ga maza, gashi mai rini, takalma masu tudu. Fank kuma na baƙaƙen Amurka ne, irin na James Brown da Sly and the Family Stone, inda ganga da jitar bes suke riƙe da komai, sauran kayan kiɗa suna bin bayansu, kiɗan da sai ka ji ƙafarka tana motsi ba ka shirya ba.

Ba wai sun zauna sun ce bari mu gauraya biyun ba ne, a hankali abun ya sauya. Da glam suka fara saboda Kato yana yawan zuwa Landan, ya ga abun da idonsa, ya dawo gida da kayan da gashin da komai. To amma yaran da ya ɗauka makaɗa ne na gaske masu hannu, kuma irin waɗannan ba sa daɗewa a kiɗa mai sauƙi sai sun nemi inda za su baje, shi ya sa daga albam zuwa albam sai ka ji bes da ganga suna ƙara fitowa gaba. Kafin a kai Hot! Menu kayan jikinsu ne kawai suka rage na glam, kiɗan ya koma fank mai ɗan jaz a ciki, akwai bayani a tambayar Hot! Menu can ƙasa.

Shi Kazuhiko Kato daga ina ya fito?

An haife shi a Kyoto a 1947, kuma tun kafin Mika Band shi sananne ne ƙwarai. Yana ɗalibi suka kafa The Folk Crusaders, ƙungiyar waƙoƙin jita zalla, kuma a ƙarshen 1967 wata waƙarsu ta barkwanci, Kaette Kita Yopparai, wadda aka yi ta da muryar da aka ƙara wa gudu a tef, ta sayu fiye da kwafi miliyan ɗaya. Shi da Osamu Kitayama da Norihiko Hashida ne suka ja ƙungiyar a shekarar da ta yi tashe. A 1968 kamfaninsu ya janye musu waƙar Imjin River kafin ta shiga kasuwa, saboda asalinta waƙar Koriya ta Arewa ce kuma ana tsoron rigimar siyasa. A 1971 kuma shi da Kitayama suka sake yin wata waƙar soyayya da har yau ake rerawa a makarantun Japan.

Dalilin da ya sa nake jan wannan tarihin, mutum ne da ya riga ya samu suna da kuɗi a salon da jama'a suke so, da ya ga dama sai ya zauna a nan har tsufa yana ci. Sai ya ajiye, ya rina gashi, ya ɗauko jitar lantarki, ya tara yara 'yan wajen shekara ashirin ya fara daga farko. Har kamfanin kayan sauti ya kafa mai suna Gingham saboda bai gamsu da irin lasifikokin da ake amfani da su a wuraren wasa na Japan a lokacin ba. Wannan ƙarfin halin shi nake girmamawa a wajensa fiye da komai.

Ina suka samo sunan?

Tsokanar Plastic Ono Band ce, ƙungiyar John Lennon da Yoko Ono, wato nan ma ga miji da mata, sai aka saka sunan matar a tsakiya. Kalmar farko kuma labarin da ake bayarwa shi ne daga yadda Mika take sarrafa wuƙa a kicin aka samo ta, wai ba ta tausaya wa abun da take yankawa. Sunan ya riƙa ɗan canzawa duk lokacin da aka sake haɗuwa da wata mawaƙiya, duba tambayar sake haɗuwa.

Su waye 'yan ƙungiyar? Na ga sunaye suna ta canzawa

Eh sun canza, ga yadda abun yake. Da farko Kato ne da Mika, da Takanaka a jita, da Hiro Tsunoda a ganga, su suka yi faifan farko Cycling Boogie a 1972 a ƙarƙashin Doughnut, tambarin da Kato ya buɗe wa kansa a kamfanin Toshiba. Tsunoda bai daɗe ba ya tafi, Yukihiro Takahashi ya gaje shi a ganga, Rei Ohara ya shigo a bes. Daga baya Yu Imai ya shigo da fiyano da sauran kibod, wannan shi ne zubin da ya yi Kurofune. A 1975 Ohara ya fita, Tsugutoshi Goto ya karɓi bes, da shi aka yi Hot! Menu kuma da shi aka je Ingila.

Akwai mutum ɗaya da ba ya hawa dandamali amma bai kamata a manta da shi ba, Takeshi Matsuyama, abokin Kato tun zamanin Kyoto, shi ya rubuta baitocin yawancin waƙoƙinsu.

Mika ce take rera dukkan waƙoƙin?

A'a, kuma nan mutane da yawa suke mamaki. Kato ne yake rera da yawa daga ciki, wasu ma babu murya sam kiɗa ne zalla. Mika ba ta yi karatun waƙa ba, muryarta siririya ce mai tsini, tana rerawa da ƙarfi ba tare da tsoron ko za ta kauce ba, wasu ba sa so, ni kam ina ganin in aka cire ta ƙungiyar za ta koma taron ƙwararru kawai babu gishiri. Ita ce ta rera Time Machine ni Onegai, waƙar da ta fi kowacce shahara a tarihinsu, wadda mawaƙan Japan suke ta sake rerawa har yanzu.

Ya aka yi Turawan Ingila suka san da su tun kafin intanet?

Ta faifai da kuma ƙafa. Albam ɗin farko bai wani tashi sosai a Japan ba lokacin da ya fito, amma kwafinsa ya isa Landan ya shiga hannun mutanen da suka dace, ana ma ba da labarin cewa Kato da kansa ya ba Malcolm McLaren, mai shagon kayan sawa da daga baya ya zama manajan Sex Pistols, shi kuma ya miƙa wa Bryan Ferry na Roxy Music. Tambarin Harvest na kamfanin EMI, wanda yake fitar da faya-fayan Pink Floyd, ya fitar da albam ɗin a Ingila.

Babban abun da ya biyo baya shi ne Chris Thomas. Wannan furodusa ne da ya yi aiki a farin albam ɗin Beatles na 1968, ya sa hannu a haɗa sautin The Dark Side of the Moon, kuma shi yake aiki da Roxy Music a lokacin. Ya ji su, ya so su, ya tashi takanas ya tafi Tokyo a 1974 don ya yi musu albam na biyu. A wancan zamanin makaɗan Japan ne suke bin Turawa, ba a saba ganin furodusa mai irin wannan matsayi ya bi 'yan Japan har gida ba.

Me ya sa ake ta zuzuta Kurofune haka?

Sai ka san labarin da ke ƙarƙashinsa tukuna. Kurofune na nufin jirgin ruwa mai launin baƙi, sunan da Japanawa suka ba jiragen yaƙin Amurka guda huɗu da Kwamanda Matthew Perry ya shigo da su Uraga, bakin tekun Edo wato Tokyo ta yanzu, a watan Yuli 1853. Kafin nan Japan ta yi sama da shekara 200 ƙofarta a kulle, sai ɗan cinikin da ake yi da 'yan Holan da 'yan Sin a Nagasaki. Perry ya zo da igwa ya ce a buɗe, a 1854 aka sa hannu a yarjejeniyar Kanagawa, kuma rikicin da ya biyo baya shi ya kai ga faɗuwar mulkin shogun, wato shugaban soja da ke riƙe da ƙasar, a 1868. Duk ɗan makarantar Japan ya san wannan labarin.

To ka ga abun da suka yi. Ƙungiyar da take kiɗan Turawa da kayan kiɗan Turawa, Bature yana zaune a situdiyo yana juya musu sauti, sai suka zaɓi su yi albam guda a kan ranar da Turawa suka fasa musu ƙofa. Wato tambayar da take kansu suka mayar da ita waƙa: abun nan da ya shigo mana daga waje, ya za mu yi da shi? Akwai kiɗa uku a jere da babu murya, an raɗa musu sunan ranakun 2 da 3 da 4 ga wata na shida na shekara ta shida ta zamanin Kaei bisa tsohuwar kalandar Japan, ranakun da suka zagaye isowar jiragen. Biyun farko gudu ne da hargitsi, ganga da bes da kibod suna rige-rige, na ukun kuma jitar Takanaka ce a hankali tana jan dogon sauti mai taɓa zuciya, kuma bai daina kaɗa shi a wasanninsa ba har ya tsufa. A tsakanin waɗannan ga Time Machine ni Onegai, glam tsantsa, ga Hei Made Hitottobi wadda Turawa suka sani da Suki Suki Suki, fank tsantsa, ga wasu masu ƙamshin kiɗan bukukuwan gargajiya na Japan.

Aikin ma ya ci lokaci, ana cewa kimanin awa 450 suka yi a situdiyo, abun da ba a saba ba a Japan ta lokacin. Hoton bangon, inda suke shawagi a sararin sama, Masayoshi Sukita ne ya ɗauka, mai hoton da aka sani da hotunan Bowie da T. Rex. Albam ɗin ya fito a Nuwamba 1974, kuma a 2007 da mujallar Rolling Stone ta Japan ta jera albam 100 mafi girma na rok ɗin ƙasar, yana cikin goman farko.

Ba kwaikwayon Turawa kawai suka yi ba?

Wannan tambayar tana zuwa sosai kuma ban yarda da ita ba, ko da yake na gane inda ta fito. Gaskiya ne a 1972 da 1973 in ka ga hotonsu za ka ce 'yan Landan ne, kuma ba su ɓoye cewa T. Rex ta burge su ba. Amma ka tuna a farkon shekarun 1970 ana tafka muhawara a Japan kan ko rok zai yiwu da Japananci, ɓangaren Yuya Uchida da Flower Travellin' Band suna ganin sai da Turanci in ana so duniya ta saurara, ɓangaren Happy End su Haruomi Hosono suna cewa harshen gida ya isa. Mika Band ba su tsaya dogon surutu ba, da Japananci suka rera, a kan tarihin Japan, kuma da shi suka tsaya gaban 'yan kallon Ingila. Mai kwaikwayo ba ya yin haka, shi burinsa a kasa bambanta shi da wanda yake kwaikwaya.

Sannan aron ba ta hanya ɗaya ya bi ba. Shi kansa Bowie kayan da ya fi shahara da su a 1973 Kansai Yamamoto ne ya ɗinka, ɗan Japan, kuma daga kabuki, wasan kwaikwayon gargajiya na Japan, aka ɗauko dabarun da yawa. Glam ɗin da Kato ya gani a Landan akwai Japan a cikinsa tun asali.

Yaya Hot! Menu yake, me ya sa ya bambanta?

Chris Thomas ne ya sake yi musu, amma zuwan Goto ya canza komai, shi yana dukan igiyar bes da yatsa yana fizgarta, kuma shi da Takahashi sun dace da juna sosai. Babu labari guda da ya ɗaure albam ɗin kamar Kurofune, kowace waƙa da inda ta nufa, akwai Time to Noodle da Funky Mahjong da Mada Mada Samba, daga sunayen ma ka san an saki jiki. In fank ɗin kake nema nan za ka same shi da yawa. Ni dai Kurofune na fi so, amma a nan ne za ka fara jin Takanaka ɗin da aka sani daga baya, mai kiɗan rana da bakin teku.

Me ya faru a tafiyar Ingila ta 1975?

A watan Oktoba 1975 suka bi Roxy Music a zagayen da ta yi na albam ɗin Siren, su ne suke buɗe fage kafin manyan su fito, har da babban zauren Wembley a Landan. Ana yawan cewa su ne ƙungiyar rok ta Japan ta farko da ta yi irin wannan zagaye a Birtaniya. Aikin mai buɗe fage ba sauƙi gare shi ba, mutane ba don kai suka sayi tikiti ba, ga shi ba sa jin abun da kake faɗa, amma ƙwarewar makaɗan ta ja hankali, musamman Takanaka da Goto da Takahashi. An naɗi wasan, ya fito a 1976 da sunan Live in London.

A wannan watan ne suka fito a shirin BBC The Old Grey Whistle Test suka yi Time to Noodle da Suki Suki Suki, bidiyon yana nan yana yawo. In ka lura da rubutun da ke bayansu za ka ga an canza Grey zuwa Gley, tsokanar yadda Japanawa suke furta harafin R ne, abun bai yi min daɗi ba gaskiya, yana nuna irin kallon da wasu suke musu a lokacin. Amma ka kalli wasan kansa ka ga ko akwai abun rainawa a ciki.

To in abun yana tafiya haka, me ya watsa su?

Aure ne ya mutu. Kato da Mika suka rabu a 1975, ita ta zauna a Landan tare da Chris Thomas, kuma ƙungiyar da aka gina a kan miji da mata ba ta iya ɗaukar wannan ba, suna dawowa daga Ingila aka sanar da watsewa. Ba na son a mayar da maganar gulma ko a ɗora wa mutum ɗaya laifi, rayuwarsu ce. Abun takaicin dai shi ne lokacin, daidai sanda ƙofar Turai ta buɗe musu. Mika daga baya ta koma harkar girki ta yi suna a nan, kuma masu son bin diddigi za su ji muryarta tana magana da Japananci a waƙar Badfinger mai suna Know One Knows ta 1974, wadda Thomas ɗin ya yi.

Ina sauran suka nufa?

Nan za ka gane girman ƙungiyar. Takanaka da Takahashi da Goto da Imai suka ci gaba da sunan Sadistics har wajen 1978. Takahashi ya haɗu da Hosono da Ryuichi Sakamoto a 1978 suka kafa Yellow Magic Orchestra, wadda ta girgiza kiɗan lantarki a duniya, ya rasu a Janairu 2023 yana da shekara 70. Takanaka ya fara albam nasa da Seychelles a 1976, ya yi Blue Lagoon da The Rainbow Goblins, ga jitarsa mai siffar allon hawan igiyar ruwa, yanzu matasa a ƙasashe da yawa sun gano shi ta intanet. Goto ya zama babban mai tsara waƙoƙin matasan mawaƙa mata a shekarun 1980, irin su Shizuka Kudo. Ohara ya tafi Amurka ya kaɗa wa Bonnie Raitt da Ian McLagan bes.

Kato ya auri marubuciyar waƙa Kazumi Yasui a 1977, suka yi albam uku da aka naɗa a ƙasashen waje tsakanin 1979 da 1981, ya yi kiɗan fina-finai da na kabuki na zamani. Ya rasu a Oktoba 2009 a Karuizawa yana da shekara 62, shi ya ɗauki ransa bayan fama da ciwon damuwa, abun da ya girgiza masoyansa ƙwarai.

Sun sake haɗuwa bayan 1975?

Sau uku, kowanne da wata mawaƙiyar daban, Mika ba ta dawo ba. A Yuni 1985 an yi na rana ɗaya a babban filin wasa na ƙasa a Tokyo da Yumi Matsutoya, aka kira shi Sadistic Yuming Band. A 1989 Kato da Takanaka da Ohara da Takahashi suka dawo da Karen Kirishima, suka rubuta sunan Mica, suka fitar da albam ɗin Appare da waƙar Boys & Girls. A 2006 su huɗun suka sake haɗuwa, wannan karon da sunan Mikaela, tare da Kaela Kimura, yarinyar da aka haifa a 1984, shekara tara bayan watsewar farko, abun ya faro ne daga wata talla ta talabijin da aka sake rera Time Machine ni Onegai, ya kai ga albam ɗin Narkissos da wasa a zauren NHK, gidan talabijin na ƙasar Japan, a Maris 2007, wanda darakta Kazuyuki Izutsu ya mayar fim. A ganina Kimura ce ta fi dacewa da waƙoƙin a cikin ukun.

Daga ina zan fara saurare?

Fara da bidiyon BBC ɗin nan don ka ga su da idonka, minti kaɗan ne. Daga nan ka ɗauki Kurofune ka ji shi daga farko har ƙarshe ba tsallake, saboda an jera shi ne a matsayin labari guda, in ka tsinci waƙa ɗaya-ɗaya za ka rasa rabin abun. In fank ya fi jan ka wuce Hot! Menu da Live in London, in glam ɗin kake so koma albam na 1973. Na 1989 da na 2006 ka bar su sai ƙarshe. Wajen nema kuma ka gwada Black Ship in Kurofune bai fito maka ba, da wannan sunan aka san shi a Ingila, haka nan ka gwada Mica da Mikaela don samun na sake haɗuwa.